Ƙwan Zabi da Bututun Ƙarfe

Idan damina ta kankama, zabi suka shiga ƙwai, duk wanda ya bi ta Bulabulin zuwa Kasuwar Monday a Maiduguri ya san abin da zan faɗa. Mai shayi zai tsuguna gaban kwandon ƙwai, ya ɗauki ɗaya, ya dunƙule hannu, ya ɗora ƙwan a bakin dunƙulen, ya ɗaga shi saitin rana, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Wannan ya ajiye a dama, wancan ya tura hagu. In hadari ya rufe rana, ya ciro waya ya kunna tocila. Mai ƙwan tana kallonsa, can ta gaji ta ce, “Haba Malam, wannan da ka ture lafiyarsa ƙalau, jiya-jiya aka kwaso shi.” Shi kuma ya ce, “Hajja, ki yi haƙuri, na ga duhu a ciki.” Ciniki ya ƙare, kowa ya tafi da gaskiyarsa, domin babu wanda ya fasa ƙwan.

Mai shayi yana gwada ƙwai da idonsa. To, idon nasa wa ya gwada shi? A cikin goman da ya zaɓa, nawa ne bara-gurbi da suka ɓace masa? A cikin biyar ɗin da ya ture, nawa ne masu kyau da ya ɓata wa suna a banza? Wannan tambayar ce take hana injiniyoyin bututu barci, su da suke tura kyamara da hasken leza cikin bututun mai, da na gas, da na ruwa, su dawo da hoto su ce nan lafiya, can kuma a tona.

Na'urorin nan iri-iri ne. Mafi sauƙi ita ce kyamara mai fitila da ake ɗaure wa a bakin doguwar waya a zura, ko a ɗora ta kan wata ’yar mota mai ƙafafun roba ta riƙa rarrafe a cikin bututu, mai aiki yana waje yana kallon allo. Irinta masu gyaran rijiyar burtsatse suke zurawa su ga inda fayif ya tsage ko inda rariyar ƙasa ta toshe. Akwai siririya mai lanƙwasa, wadda take shiga ƙananan bututun tukunyar tururi da cikin injin samar da lantarki ba tare da an kwance shi ba. Sai wadda ta fi su wayo, mai leza. Ita tana zana zoben haske a jikin bangon bututu daga ciki, kyamara tana baya tana ɗaukar hoton zoben yayin da ake tafiya. Idan bututu a zagaye yake sumul, zoben ya fito a zagaye. Inda tsatsa ta ci rami, zoben ya kauce waje. Inda laka ta daskare ko ƙasa ta danne bututun ya lotsa, zoben ya shigo ciki. Tunda an san tazarar da ke tsakanin fitilar da kyamarar, an kuma san kusurwar da hasken yake fita, kwamfuta tana iya lissafa nisan kowane ɗigo na bangon, ta ce ramin nan zurfinsa milimita kaza ne. Da wannan, kyamara ta tashi daga mai kallo ta koma mai awo, kuma duk mai awo dole a tambaye shi inda ya samo ma'auninsa.

Wani zai ce ina ruwan Bulabulin da wannan, mu da muke jiran mai moya, wato mai sayar da ruwa, ya turo kura? Ruwan da yawa. Garin nan a kan bututu yake zaune, ko da ba ma ganinsu. Ruwan madatsar Alau da ake tacewa ta bututu yake isa unguwannin da yake isa. Kowace rijiyar burtsatse doguwar bututu ce a tsaye. Akwai layin man da aka shimfiɗa daga Kaduna ya bi ta Jos da Gombe ya ƙare a defon Maiduguri. Akwai tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023 bayan garin ya yi kusan shekara biyu a duhu sakamakon karya turakun wuta a farkon 2021; tashar irin wannan cike take da bututu masu ɗauke da gas da zafi. Sai kwalbatoci da magudanai da ke ƙarƙashin tituna. A can yamma da mu akwai bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020.

Sannan ga abin da ya faru wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya shiga Fori da Gwange da Bulabulin da Kasuwar Monday har ƙofar fadar Shehu, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Abin da ruwa ya yi wa gidaje kowa ya gani. Abin da ya yi a ƙarƙashin ƙasa ba a gani da ido. Ambaliya tana kwashe ƙasar da bututu yake kwance a kai, tana sassauta mahaɗa, tana cika magudana da yashi, tana haɗa ruwan masai da na sha a duk inda aka sami ’yar kafa. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Ruwan da za a tara a can, ta tsofaffin bututun zai biyo. Ko yau ko gobe wani ɗan kwangila zai zo da kyamara ya ce zai duba mana su, kuma za a biya shi da kuɗin jama'a. Gara mu san tambayoyin da za mu yi masa tun kafin ya sauke kaya.

Mu koma gaban kwandon. Da a ce ana so a san ƙarfin idon mai shayin nan da gaske, ba za a tambaye shi ba, don zai ce shekara ashirin yana sana'ar. Hajja ce za ta ware ƙwai waɗanda ta san tarihinsu: waɗannan na jiya, waɗannan sun yi sati biyu, waɗannan kuma zabuwa ta kwanta a kansu ta tashi. Ta yi musu alamar da ita kaɗai ta gane, ta cakuɗa, ta miƙa masa ba tare da ta ce uffan ba. Bayan ya gama zaɓe sai a ƙirga. Haka ake yi wa na'urar duba bututu. Ana samo gutsuren bututu na gwaji, a yi masa lahani da gangan: a huda rami mai zurfin milimita ɗaya a nan, mai biyu a can, a tsaga siririn layi a kusa da walda, a lotsa wani wuri. Kowane lahani an auna shi da ma'aunin da ya fi na'urar inganci nesa ba kusa ba, an rubuta an ɓoye. Sai a ce wa mai na'ura bismillah. Sharaɗin shi ne kada ya san inda lahanin yake, domin wanda aka gaya wa ƙwai na uku ruɓaɓɓe ne, lallai zai ga duhu a cikinsa.

Kuskure biyu ake ƙirgawa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan mai shayi ya ture ƙwai mai kyau, Hajja ta yi asarar ciniki ɗaya, wani zai saya. Idan ya ɗauki ruɓaɓɓe ya fasa shi a cikin kofin da ya riga ya zuba uku, duk sun tafi, ga wari, ga abokin ciniki yana kallo. A bututu ma haka: in na'ura ta ce akwai tsaga alhali babu, an tona titi a banza, an kashe kuɗi, an tare hanya. In ta ce lafiya alhali akwai, to sai ranar da abin ya fashe. Matsalar ita ce kurakuran biyu a igiya ɗaya suke ɗaure. Mai shayin da ya ƙona hannu sau ɗaya zai koma ture duk ƙwan da ya ga ɗan inuwa a ciki, ruɓaɓɓe ba zai ƙara wuce shi ba, amma rabin kwandon zai ture. Saboda haka idan kamfani ya ce na'urarsa ba ta taɓa barin lahani ya wuce ba, a tambaye shi sau nawa ta yi ihun ƙarya.

Masu wannan fanni suna da wani mizani da ya samo asali daga duba jiragen yaƙin Amurka: a nuna cewa na'ura tana gano lahani mai wani girma sau 90 cikin 100, kuma a tabbata da hakan kashi 95 cikin 100. Lissafin yana da ban sha'awa. Kafin a yi wannan iƙirari sai an jera mata lahani 29 masu girma ɗaya ta gano su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta kuskure ɗaya, sai a ƙara yawan gwajin. Ashe wanda ya zura kyamara a gutsuren fayif mai rami uku, ya gano ukun, ya tafa wa kansa, bai nuna komai ba tukuna. Kowa yana iya dace da ƙwai uku.

Gano lahani mataki ne na farko. Na biyu shi ne faɗin girmansa daidai, kuma a nan ne ake yawan ruɗar mai saye. Abu uku ne mabambanta da ’yan kasuwar na'ura suke son cakuɗawa. Akwai ƙanƙantar abin da kyamara take iya rarrabewa. Ɗauki hoto mai ɗigo 1,920 a faɗinsa, ka shimfiɗa shi ya zagaye cikin bututu mai inci 40, wanda kewayensa ya haura mita uku kaɗan: kowane ɗigo ya rufe fiye da milimita ɗaya da rabi. Tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba tana iya ɓacewa a tsakani, hoton kuwa tar da shi, gwanin kyau. Akwai kuma maimaituwa, wato in an bi wuri ɗaya sau goma a sami amsa ɗaya. Sai daidaito, wato amsar ta dace da gaskiyar abin. Na'ura tana iya cewa milimita biyu sau goma a jere ba ta canza ba, alhali ramin uku ne. Mai shayin da kullum yake kiran ƙwan sati biyu sabo ba ya saɓa wa kansa, amma kullum a kan kuskure yake. Wannan shi ne kuskure mafi haɗari, domin dagewarsa ce take sa a yarda da shi.

Maganinsa zoben gwaji ne, ƙarfe da aka san faɗinsa sarai, wanda ake auna na'ura da shi kafin a shiga bututu da bayan an fito. In amsar safe da ta yamma suka bambanta, aikin ranar abin tuhuma ne. Ita kanta kyamarar ana nuna mata allo mai gida-gida baƙi da fari daga kusurwoyi daban-daban, don kwamfuta ta gane yadda gilashin yake lanƙwasa hoto, musamman irin gilashin nan mai faɗin gani da yake kumbura tsakiya ya matse gefe. To shi zoben gwajin wa ya auna shi? Wani ɗakin gwaji mai takardar shaida, wanda shi ma an auna kayansa da na wani da ya fi shi, har a dangana da ma'aunin ƙasa. A Najeriya Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu don wannan aiki. Daga can sai ma'aunin duniya, inda tun 1983 aka ayyana mita da nisan da haske yake tafiya a cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Silsila ce, kuma malaman garin nan sun fi kowa sanin hukuncin silsilar da ta yanke a tsakiya.

Yanzu ga inda nake ganin mu mutanen Borno ya kamata mu fi tsayawa. Kusan duk alƙaluman da ke jikin takardar na'ura a ɗaki mai sanyi aka samo su, a cikin bututu mai tsabta, busasshe, miƙaƙƙe. Ƙa'idar duniya ta awon tsayi a kan zafin digiri 20 take. A Maiduguri watan Afrilu zafi yana haura 40 a inuwa. Ƙarfe yana miƙewa kimanin kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, wato mita ɗaya da aka auna a digiri 20, in ya sha ranarmu ya kai 42, ya ƙaru da kusan rubu'in milimita. Ga mai shimfiɗa kwalbati wannan ba komai ba ne. Ga mai auna ramin tsatsa da rabin milimita, magana ce. Bututun roba kuwa miƙewarsa ta ninka ta ƙarfe sau da yawa. Kuma ba bututun kaɗai zafi yake taɓawa ba, har sandar da ta riƙe fitilar leza da kyamara, wadda duk lissafin ya dogara da tsawonta.

Mai shayi ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Ƙwan kaza mai farin ɓawo haske yana ratsa shi cikin sauƙi. Ƙwan zabi ɓawonsa kauri gare shi, ga ɗigo-ɗigo, sai rana ta take sosai ake ganin cikinsa. Wanda aka kwaso daga jeji da laka a jiki sai an goge. Idon da ya yi fice a kan ƙwan gidan gona da tsakar rana zai iya yin tuntuɓe a kan ƙwan zabi da magariba. Bangon bututu ma ba iri ɗaya ba ne. Ƙarfe mai sheƙi yana watsa leza ya kashe wa kyamara ido, har kwamfuta ta ga rami inda babu. Baƙar roba tana shanye hasken, zoben ya dushe. Ruwan da ya kwanta a ƙasan bututu yana karya hasken, ya ɓoye daidai wurin da tsatsa ta fi ci. Tururi yana rufe gilashi. Ƙurar hunturu tamu, wadda take shiga ko'ina, ba ta san darajar na'urar miliyoyi ba. Laka kuma tana iya cike ramin tsatsa ta shafe shi sumul, leza ta bi ta kai ta ce bango lafiya. Shi ya sa ake wanke bututu da ruwa mai ƙarfi kafin a duba. Wanda ya tsallake wankin, laka ya auno.

Wani tarko kuma na lissafi ne zalla. Idan ’yar motar ta karkace, ta hau kan dutse ko ta shiga kwana, zoben hasken ba zai yanke bututun a daidai ba, sai ya fito a miƙe ta gefe ɗaya, bututu lafiyayye ya zama kamar ya lotsa. Karkacewar digiri 10 tana ƙara wa zoben tsawon kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Digiri 18 tana kai shi kashi biyar. Me ya sa na ambaci biyar? Domin a ƙa'idoji da yawa na Amurka, bututun roba da aka binne ya lotsa fiye da kashi 5 cikin 100 ya zama abin tuhuma, har a iya sa ɗan kwangila ya tone shi. Ma'aikatar sufuri ta jihar Fulorida tana wajabta duba sababbin magudanan titi masu faɗin inci 48 zuwa ƙasa da kyamara da leza kafin a karɓi aiki, kuma ba a yarda na'ura ta wuce gudun kimanin mita tara a minti ba. Ka ga ke nan dutse ɗaya a ƙarƙashin taya zai iya jawo wa mai gaskiya asara, ko kuma, in an juya, ya rufa wa maha'inci asiri. Gwajin kirki sai an karkata na'urar da gangan, an kauce da ita daga tsakiya, an gudu da ita an kuma tafi a hankali, a ga ko amsar za ta tsaya.

Har yanzu ban taɓo ɗan Adam ba, shi da yake zaune gaban allo tun safe yana kallon bango iri ɗaya yana wucewa. Masu bincike a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan sun wallafa wani nazari a 2013 a kan masu duba hotunan magudanan ruwa, inda suka gano cewa lahanin da yake nan a fili yana kuɓuce wa mai dubawa kusan sau ɗaya cikin huɗu, alhali ƙirƙiro lahanin da babu bai wuce ’yan kashi kaɗan ba. Waɗannan fa horarru ne, masu takarda. Don a rage irin wannan saɓani ne Turai da Amurka suka tsara lambobi na bai-ɗaya da ake rubuta kowane lahani da su, a Amurka har da maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon muni. Yanzu ana koya wa kwamfuta ta yi kallon da kanta, kuma gaskiya ba ta gyangyaɗi. Sai dai da hotunan da mutane suka yi wa alama aka koyar da ita, har da kurakuransu, kuma wadda ta yi karatunta a magudanan Turai ba ta taɓa ganin kwalbatin da ledar fiyawota da yashin Ngadda suka cika ba. Ita ma a miƙa mata kwandon Hajja.

Duk wannan gwaji ne kafin aiki. Hukunci na ƙarshe fasa ƙwai ne. Mai shayi mai hankali, in ya sayi kiret biyu daga sabon hannu, yakan fasa ɗaya ko biyu nan take, kuma ba daga waɗanda ya ture kaɗai ba. A harkar bututun mai wannan ƙa'ida ce rubutacciya: bayan na'ura ta bi layi ta kawo rahoto, sai a zaɓi wurare a tona, a auna da hannu, a jera abin da na'ura ta ce kusa da abin da aka tarar. Abin da ake yawan mantawa shi ne tona wasu wuraren da ta ce lafiya. In kullum inda ta nuna ake tonawa, ba za a taɓa sanin abin da ta tsallake ba.

Akwai misalin da ake karantar da ɗalibai da shi. A watan Yulin 2010 bututun ɗanyen mai na kamfanin Enbridge ya fashe kusa da garin Marshall a jihar Mishigan, fiye da lita miliyan uku suka malala har kogin Kalamazoo. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar da ta bi layin a 2005 ta ga tsagar, amma an sa ta a rukunin da ba nata ba, kuma kamfanin bai yi la'akari da iyakar kuskuren na'urar ba wajen yanke hukuncin tonawa. Waccan na'urar da sauti take aiki, ba da haske ba, amma darasin ɗaya ne: lambar da ta zo ba tare da an faɗi yawan kuskurenta ba rabin magana ce. In aka ce ramin milimita biyu ne, a ƙara da cewa zai iya kaiwa uku, sannan a yi hukunci a kan ukun.

A nan kuma kwatancen ƙwai ya tsaya, dole in faɗa. Haske yana ratsa ɓawo, amma ba ya ratsa ƙarfe. Kyamara da leza fuskar bango ta ciki kawai suke gani. Tsatsar da take cin bututu daga waje, inda ya haɗu da damshin ƙasa, ba za su gan ta ba har sai ta huda. Kaurin da ya rage a bango, da kogon da ruwa ya yi a bayan kwalbati, da lahanin da ya ɓuya a tsakiyar walda, waɗannan aikin na'urorin sauti ne da na maganaɗisu da hoton da ke ratsa ƙarfe. A cikin ɗanyen mai ko ruwa mai dauɗa ma haske ba shi da ta cewa. Muna cewa gani ya kori ji, amma a cikin bututu akwai inda ji ne kawai yake aiki. Duk wanda ya nuna maka bidiyo mai kyau ya ce saboda haka bututun zai ƙara shekara ashirin, ya faɗi abin da kyamararsa ba ta gaya masa ba.

Wannan bai rage wa haske daraja ba. A San Bruno ta jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Satumba 2010, bututun gas ya fashe ya kashe mutum takwas ya ƙona gidaje 38. Takardun kamfanin sun ce bututun ba shi da ɗinkin walda a tsawonsa. Da aka tono, sai ga ɗinki, kuma a gutsuren da aka binne tun 1956 ba a yi waldar ta ciki ba. Lahani ne da ido zai iya gani da an leƙa. Shekara hamsin da huɗu ana dogaro da takarda.

Abin da nake ganin ya dace da mu bai kai tsadar da ake zato ba. Muna da Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat, duka suna da sashen injiniya da ɗakunan aikin ƙarfe. Tsofaffin bututun da ake cirowa in ana gyaran layi, maimakon su ƙare a hannun ’yan gwangwan, a ware wasu: na ƙarfe, na roba, na siminti, da tsatsarsu da lakarsu. A auna lahaninsu da kyau, a ƙara wasu da gangan, a rubuta a kulle a ofis, a jera su a fili ƙarƙashin ranar nan tamu, a binne wasu, a zuba wa wasu ruwa. Ɗalibai su sami wurin koyo, gwamnati ta sami wurin tantancewa. Masu horar da ma'aikatan duba ƙarfe a Cibiyar Horon Man Fetur ta Effurun sun san yadda ake shirya irin wannan, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba.

Ga hukumar ruwa ta jiha da ma'aikatar ayyuka da ƙungiyoyin agaji masu gyaran rijiyoyi, roƙona shi ne a sa sharuɗɗa huɗu a cikin takardar kwangila tun kafin a sa hannu: mai na'ura ya kawo shaidar awon kayansa mai kwanan wata, ya bi bututun gwaji a nan Maiduguri ba tare da ya san abin da ke ciki ba, kowace lamba a rahotonsa ta zo da iyakar kuskurenta, kuma a riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai an tona wurare kaɗan, har da waɗanda ya ce lafiya, an gwada maganarsa. Wanda ya ƙi waɗannan, a bar shi ya koma da kayansa.